Agogo Uku a Bakin Kwata

Ka ce injinan sadarwarka suna gyara agogonsu da na juna, don haka hankalinka kwance? To, zauna ka ji.

Wani mai lambu ne, albasarsa na can ƙarshen kwata, inda ruwan dam ke isowa sau ɗaya a mako, ran Talata daga ƙarfe huɗu zuwa biyar. Wanda bai zo ya buɗe datsinsa ba a wannan awar, sai wata Talatar. Ga zafin bazara, ganyen albasar har ya fara kwanciya, wani makon ba zai same ta da rai ba. Tun azahar yake shakkar lokaci, domin kwana uku da suka wuce agogonsa ya tsaya, ya sa masa waini, ya saita shi da ka. Yana zaune a bukka, agogo na cewa uku da kwata, inuwar giginya kuwa ta miƙe kamar ta la'asar sakaliya. Rediyon da ke faɗin lokaci na wurin mai gadin dam, amma wa zai taka wannan nisan a rana? Sai ya tsallaka wurin maƙwabcinsa mai tumatir, suka gwada agogunansu: uku da kwata. Bai yarda ba, ya ƙarasa wurin mai barkono: uku da kwata, ko ɗigo babu. Ya ce, "Alhamdu lillahi, shaidu biyu!" Ya koma ya miƙe ƙafa.

Huɗu na cika a hannunsa ya saɓa fartanya. Me zai gani? Kwata ta tsane, sai taɓo da sawun belbela. Ruwa ya zo ya wuce! Su ukun suka yi cirko-cirko, kowa na nuna wa kowa agogo. Mai barkono ya ce shi fa da na mai tumatir ya saita jiya. Mai tumatir ya juyo ya dubi mai albasa ya ce, "Ai ran Lahadi naka na leƙa, da muna cin rogo." Ashe ƙiyasin nan nasa ne ya zaga lambu ya dawo masa, shi kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu a matsayin shaida. Kafin Juma'a albasar ta zama ciyawa.

Duba na juna ba laifi ba ne, malam, amma a samu guda a cikinsu da ke zuwa wurin mai rediyo. Hausawa sun gama magana: zanen aro ba ya rufe katara.