Dokar Tero

Bas biyu Yamandú ya hau kafin ya iso kantin maganin, don kawai kada ya yi sayayya inda aka san fuskarsa. Da hantsi ya sauka a unguwar Pocitos ta birnin Montevideo, hula ta rufe goshi, takunkumi ya rufe hanci da baki. Ya bi layi a bayan wata tsohuwa da ke rungume da fulas da kofin shayin mate. Mutum tara ne kafin a zo kansa, amma tuni yake ta satar kallon ƙofa.

Ba 'yan sanda yake tsoro ba. Me zai haɗa shi da su a nan? Tabar wiwin nan da izinin gwamnati ake sayar da ita. Ka yi rajista a gidan waya, ka zo ka ɗora babban yatsa a kan na'ura, ta nuna kore, a miƙo maka 'yar leda a liƙe. Ko sunanka mai kanti ba ya gani.

Abin tsoron yana can unguwarsu. A Cañada Seca, Tero ne ke sayar da taba a ɓoye, kuma tun da kantuna suka fara janye masa masu saye ya kafa doka: duk ɗan unguwar da aka gani a layin kantin magani, a farfasa masa babban yatsa, yadda na'ura ba za ta ƙara gane shi ba. Mutum biyar aka yi wa. Yamandú yana wurin aka yi na Elbio bakanike, a kan bencin garejinsa, kuma har gobe ƙarar gudumar na kunnensa. Ya san sarai in aka gan shi a nan, nasa ba zai tsaya a kan yatsa ba.

To me ya kai shi? Tari ne. Tabar Tero curi ce da ake shigowa da ita ta kan iyaka, baƙa ƙirin, tana warin fitsari, kuma abin da ake zuba mata a hanya ba ya faɗuwa. Wata biyu ke nan Yamandú yana tofar da jini. Likita ta ce ya bari gaba ɗaya, in kuma ba zai iya ba, to ya daina shan guba. Barin dai ya gwada, kwana huɗu ya iya.

Layi na tafiyar hawainiya. Duk babur ɗin da ya rage gudu a waje, sai Yamandú ya ƙara jan hularsa ƙasa. Saura mutum uku aka turo ƙofa, wani ya shigo yana gaida mai gadi da wasa, ya tsaya daidai bayansa.

Muryar ya gane tun kafin warin baƙin mai ya iso hancinsa. Elbio ne.

Kaico, duk faɗin Montevideo! Bakaniken kuwa ga surutu, nan take ya ja tsohuwar nan da hira ta saman kafaɗar Yamandú. Ya ce shi ma daga nesa yake zuwa, duk mako. Ya nuna mata yatsansa na dama da ya karkace, ya ce 'yan unguwarsu ne suka yi masa kwalliya.

"Sun manta Allah hannu biyu ya ba mutum, Iya. Na hagun na kai aka yi wa rajista."

Tsohuwa ta riƙe baki, shi kuwa ya bushe da dariya. Yamandú ya so ya fice, amma fita na nufin ya juya su yi ido huɗu a 'yar matsattsiyar hanyar nan. Ya kafe ido a kan kwalaben maganin da ke jere. Tari ya taso masa, ya haɗiye shi har hawaye suka cika idonsa.

Da aka zo kansa, mai kantin ta turo na'ura. Ya ɗora yatsa, ta nuna ja. Ya sake, ja. Matar ta ce ya natsu, ya sake, har wa yau ja. 'Yan layi suka fara leƙe.

"Gumi ne, ɗan'uwa," in ji Elbio. "Kawo nan, ni na san halinta."

Kafin Yamandú ya janye, bakaniken ya kama hannun, ya goge yatsan da hankicinsa, ya danna shi a kan gilashin. Na'ura ta nuna kore. Matar ta ajiye leda a kan kanta. Amma Elbio bai saki ba. Ya juya hannun, yana kallonsa kamar mai duba wani ƙarfe da ya taɓa kwancewa.

A daidai lokacin tarin ya ƙwace. Ya duƙar da Yamandú, numfashi ya ƙi, ba shiri ya fizge takunkumin don ya sha iska. Da ya ɗago, waya ce a saitin fuskarsa, karkataccen yatsan nan yana lalubar wurin dannawa. Elbio ya danna. Ya ce hoton ya tafi, duk unguwa za ta gani kafin bas ta mayar da shi gida. Sannan ya tura masa ledar a hankali.

"Ɗauki kayanka mana, Tero. Da hannun nan naka ka riƙe gudumar da ta farfasa min yatsa, bari mu ga wa zai riƙe taka."