Saura Mutum Ɗaya

Jirgin ruwan ya bar gaɓar Masar da hantsi, amma Malam Abdulgani ya ƙi shiga ɗaki. Matarsa Yagana ta tura keken guragun da yake kai zuwa inda zai ga ruwa sosai.

Mutumin Falanko ne, bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba. Da ya yi ritaya daga koyarwa, ɗansu Sabi'u ya ce zai kai su Umra. Tsohon ya ce to, sai dai a ƙetara da shi ta teku.

Yana sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, a zamanin soja, ya tsaya a kasuwar Tanut ya yi magana a kan hatsin agajin da manya suka karkatar. Da aka fara nemansa ya gudu gida, ya ɓuya cikin rumbun gero. Jandarmomi ba su sha wahalar bincike ba, can suka zaro shi. Ya yi shekaru a kaso, ya fito gwiwoyinsa sun lalace. Yagana ta jira shi. Ba ta taɓa tambayarsa abin da aka yi masa ba, in ya ɗauko zancen ma sai ta tashi.

Yau babu inda za ta tashi ta tafi.

"Yagana, na yafe wa kwamandan da ya sa aka kama ni," ya ce, idonsa a kan ruwa. "Na yafe wa masu duka. Saura mutum ɗaya, wanda ya nuna inda nake. Ina son in isa Ɗakin Allah da zuciya wankakka, amma ta yaya zan yafe wa wanda ban san fuskarsa ba?"

Ta riƙe hannun keken da ƙarfi. "Malam, in da za ka san shi fa?"

Ya ɗauke idonsa daga kan ruwan.

"In bare ne, da sauƙi. In nawa ne, gara in mutu ban sani ba. Ba zan iya ɗauka ba."

Yagana ta haɗiye maganar da ta zo mata har baki. Ta juya masa baya, hawaye na zuba.

Har yau tana ganin bakin bindigar jandarman nan a kan Sabi'u yana goye a bayanta, da yatsanta yana miƙewa wajen rumbun.