Allura da Makirfon Auta

Auta ba za ta manta ranar da ta fara haɗuwa da Allura ba. Wata Talata ce da hantsi, a dandalin intanet na manhajar kyauta da ke tafiyar da tsohuwar kwamfutarta. Ta rubuta cewa makirfo ya ƙi aiki, ga shi ranar Litinin za a yi mata ganawar neman aiki a laburare ta bidiyo. Mutum uku suka ce ta sayi sabuwa. Na huɗu, wani mai suna Allura, mai alamar masu gina manhajar a gefen sunansa, ya rubuta: "Kar ki damu. Turo min rahoton na'urar, mu duba tare."

"Mu duba tare." Sau tara ta karanta.

Auta da kanta ta koyi karatu, daga jaridun da ake naɗe kaya a shagon babanta har zuwa littattafan soyayya masu yagaggen bango. Ta san jarumi in ta gan shi. Kafin azahar, a ranta ta ba shi tsawo, ta ba shi gemu, ta ba shi murya mai sanyi.

A gidan Gwaggo take zaune, ƙanwar babanta, wadda ta yi ritaya daga ofishin ƙididdiga, take yini a falo da tabarau, kwamfuta a cinya, ƙwaryar ɗinki a gefe. Kowa ya ɗauka fim take kallo. Ita Auta ke karanta wa saƙonnin.

"Gwaggo, ji wannan! 'Kin yi ƙoƙari, saura mataki ɗaya.' Wallahi mutumin nan ya iya magana."

Gwaggo ta ƙware da shayi. "Wa ya ce miki saurayi ne? Wataƙila haƙoransa biyu."

"Kishi kike yi, tsohuwa."

"Uhm. Je ki kwashe shanya."

Gyaran farko bai yi ba. Na biyu ya kashe lasifika ma gaba ɗaya. Allura ya bayyana mata ƙa'idarsu: ba a sa gyara cikin manhaja sai an ga matsalar da ido a kan na'ura irin ta mai ƙorafi, an gwada, ya yi. Kuma in an gama, mai tambaya ya koma ya rubuta "an warware" da yadda aka yi, don na baya.

Irin kwamfutar Auta kuwa an daina yin ta tun tana firamare.

Ranar Asabar Gwaggo ta aike ta kasuwa da jerin sayayya mai tsawon tsiya, har da zare kala bakwai. Da ta dawo ta tarar da kwamfutarta a kan teburi da ɗumi, ta ce a ranta zafin rana ne. Saƙo na jiranta: "Na samu irin taki sak, har maɓallin da ke maƙalewa. Na ga matsalar."

Auta ta yi tsalle ta faɗa kan kujera. Wato gari ya zaga yana nema saboda ita!

Lahadi shiru. Ta goge rigar ganawa sau biyu, ta ƙona miya, ta leƙa dandali sau ba adadi. In makirfon bai tashi ba, aikin ya tafi.

Litinin, saura minti arba'in a fara ganawar, gyaran ya iso. Ta kwafi umarnin, ta sake kunna na'urar. Sai a gwada. Ta matso da bakinta, ta ga koren layin sauti ya motsa da numfashinta. Murna ta kwashe ta, ta ɗaga murya har ta cika falon:

"Allura, ko kai waye, na yi alkawari: wankinka da gugarka a wuyana suke har abada!"

Layin ya yi tsalle har ƙarshe.

Gwaggo ta rufe kwamfutarta a hankali, ta cire tabarau, ta turo kwandon wanki da ƙafa.

"Fara da waɗannan bayan ganawar. Sannan ki koma ki rubuta 'an warware', kwana biyu ban runtsa da rana ba saboda makirfon nan naki."