Ƙauyen Tawfiq Ba Nisa

"Ƙauyenku da nisa?" Sherifa ta tambayi Tawfiq tana zuba masa wake da shinkafa a rumfarta da ke unguwar Nima. Ta sha gaya masa ita 'yar birni ce, haifaffiyar unguwar Maamobi, ba za ta auri mutumin da zuwa garinsu sai da guzuri ba.

"Haba Sherifa, awa ɗaya kacal a jirgin sama!"

Bai yi ƙarya ba. Ranar da ya ɗauke ta su gaida mahaifiyarsa kafin a sa rana, cikin awa ɗaya suka sauka Tamale. Abin da ya ɓoye shi ne motar awa biyar, da babur, da kwalekwale.

Tunda suka iso bakin kogi Sherifa ta ja mayafi ta kare fuskarta, ta kau da kai. Tawfiq ya takure a kwalekwalen yana zufa, ya tabbata auren nan ya sha ruwa.

"Ki yafe mini," ya ce da suka hango bukkoki. "Wallahi wannan karon an iso."

Tsohon da ke tuƙa su ya leƙa fuskarta, ya saki dariya. "A'a! Ba Sherifar gidan Ƙasimu masunci ba ce? Nan za ki sauka, ko in ƙarasa da ke gida? Saura awa uku!"

Tawfiq ya juyo baki buɗe.

Sherifa ta yaye mayafin, ta harari tsohon. "Haba Baba Isaka! Tun daga waccan gaɓar nake ƙifta maka ido!"