Kular Mai Girki

A loma ta uku cokalina ya ci karo da shi: tsinken sakace a tsakiyar shinkafa, bakinsa duk a tattaune. Wani ya riga ya gama da shi.

Na ajiye cokalin. Shekara biyu ke nan kullum a gidan abincin nan nake cin na rana. Yayata ta yi ta fama da ni in koyi girki ko na minti ashirin ne, ina ce mata ba ni da lokaci.

Na ɗauki farantin na banka ƙofar kicin ɗinsu. Ƙarni ne ya fara tarbe ni. Tsumma ɗaya baƙi ƙirin, da shi ake goge faranti, da shi ake share gumi. Ragowar da aka kwaso daga tebura tana jibge a roba kusa da tukunya, da ludayi a ciki.

Mai girkin, wata dattijuwa, tana zaune a kan bokiti tana cin abinci daga wata kula hankali kwance. Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na tsaya. Nata abincin fes, ga ganye shar, ga ƙwai, ƙamshi sai tashi yake.

Na ce, "Mama, wannan fa? Me ya sa ba a sayar mana da irinsa?"

Ta dubi farantina, ta yamutsa fuska, ta jawo kularta jikinta.

"Daga gida na zo da abina, 'yata. Shekara tara ina girki a nan, ko gishirinsa ban taɓa ɗanɗanawa ba."