Kamfani Mafi Araha

Darakta ya buga tebur har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Kullum inganci, inganci. Kuɗin gwamnati ne fa, ba na kakanmu ba."

'Yan kwamitin kwangila suka kalli juna. Wannan dai shi ne mutumin da ya taɓa ɗauko ƙwararru daga ƙetare don su ba da shawara kan launin labulen ofis. A gida kawai aka san shi da tsimi, don ko uwar 'ya'yansa ta saƙon waya ya sallame ta, wai kada a ɓata takarda.

Amma tsimin yau da dalilinsa. Masu binciken kuɗi za a ɗauka, kuma sashensa za su bincika. In aka kawo masu ido, gidaje ukun nan da ya gina da kuɗin gyaran rufin ma'aikata za su fito fili, shi kuma ya koma kwana a gidan yari. Tsoro yake ji ba na wasa ba.

Ƙa'ida ta ce inganci kashi saba'in, farashi kashi talatin. Kafin a tashi taron, Darakta ya kifa ta: farashi kashi saba'in, inganci talatin.

Babban kamfani mai akantoci arba'in ya faɗi. Da aka karanta bayanin wanda ya ci, daɗi ya kusa kashe Darakta: sabon kamfani ne, ɗaki ɗaya a saman shagon tela, ma'aikaci ɗaya tal. Ba su nemi mota ba, ba su nemi otal ba. Har sun rubuta cewa ba sa buƙatar lokacin sanin makamar aiki.

"Ranka ya daɗe, arahar nan ba ta yi yawa ba?" in ji sakatariyarsa. "Kamar masu neman lada."

"Kishin ƙasa ke nan," ya ce. Ya sa hannu da kansa, ya ƙara sharaɗin cewa ba mai ikon soke kwangilar, kada wani mai shisshigi ya dawo da masu tsadar.

Ran Litinin ya sa aka kawo lemo, ya kishingiɗa yana jiran wani tsoho mai gyangyaɗi. Sai wani ƙamshin turare ya riga baƙon shigowa, ƙamshin da ya tabbata ya sani.

"Sannu da aiki, Baban yara," in ji tsohuwar matarsa, akantar da ta shekara ashirin tana adana masa takardu, tana ɗora jakarta a kan teburinsa. "Da wane gidan za mu fara?"