Layin da Aka Hana Ƙara

Da misalin uku, lokacin da duk garin ke barcin rana, mai gas ya ji ana dukan tukunya a layin bakin teku. Ya taka birki. Shekara talatin shi kaɗai ke wannan kiɗan: ya ƙwanƙwasa ƙarfe a jikin tukwanen gas, matan unguwa su leƙo daga bene su ce ya hawo da ɗaya.

Ashe baƙon nan ne, ɗan ƙasar ƙanƙara, wanda ya sayar da gidansa ya biyo rana har Sifaniya. Yana tsaye a baranda cikin bargo biyu, yana jibgar fankon tukunyar gas ɗinsa ta ɗumama ɗaki da ludayi. Da ya zo a watan Agusta ba wanda ya gaya masa cewa don zafi aka gina gidajen nan, in Janairu ta kama, ɗaki ya fi waje sanyi.

"Kai mai gas! Kwana huɗu ina jiranka! Wai yaushe kake wucewa?"

"Kullum, yallaɓai. A hankali, shiru, kamar mai rakiyar gawa."

"To ta yaya mutum zai san ka zo?"

Mai gas ya zaro takardar ƙorafin da ta sa hukumar gari ta hana shi buga tukunya a layin. Ya ɗaga ta sama, ya nuna sa hannun farko, ƙato, na mai bargon.

Sannan ya ɗora yatsa a leɓe.

"Rage ƙara, yallaɓai. Mutane na barci."